Filin Tambaya da Amsa: Shin Kurkum Yana Maganin Ciwon Damuwa?

TAMBAYA, daga wani mai karatu a Garwa

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa. Maiɗakina ta haihu wata huɗu da suka wuce, haihuwarta ta uku ke nan, kuma tun da aka gama wankan jego ba ta koma yadda na san ta ba. Mace ce mai fara'a da son mutane, amma yanzu sai ta wuni a ƙuryar ɗaki, ko an yi sallama ba ta son fitowa. Abincin da aka kai mata da rana nakan dawo da magariba in tarar da shi a rufe yadda aka ajiye. Ba ta barci ko da jaririyar ta yi barci, kuma nakan farka cikin dare in ji tana kuka a hankali, in na tambaye ta sai ta ce ita ma ba ta san dalili ba. Na kai ta asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mata ƙwaya ɗaya kullum, ta sha kwana goma ba mu ga canji ba. Mahaifiyata ta ce wannan maganin masu taɓin hankali ne, kada in bari a lalata wa yarinya ƙwaƙwalwa. Wani abokina kuma ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp, inda ake cewa likitoci sun gwada kurkum sun tarar ƙarfinsa ɗaya da maganin asibiti, a haɗa shi da masoro da zuma a sha a madara. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, mu ajiye ƙwayar mu koma kurkum, tunda shi na Allah ne, ba ya illa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba maiɗakinka lafiya, ya raya abin da aka samu, kai kuma ya saka maka da alheri da ka lura da halin da take ciki har ka kai ta asibiti, domin mata da yawa a garuruwanmu sukan shekara a wannan hali ana cewa miskilanci ne ko rashin godiya. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada ku ajiye ƙwayar, kada ku rage ta, kada kuma ku riƙa tsallake kwana, sai kun koma wurin likitan da ya rubuta. Kurkum, wato gangamau, a ci gaba da sa shi a miya da dafa-duka yadda aka saba, amma ba zai tsaya a madadin maganin nan ba. Zan faɗa maka dalili dalla-dalla, saboda saƙon da abokinka ya turo yana da ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa yake da saurin shiga zuciya.

Kwana goma bai isa a yanke wa maganin hukunci ba. Magungunan ciwon damuwa, irin su fuloksetin da amitiriftilin, yawanci sai bayan mako biyu zuwa huɗu ake fara ganin amfaninsu, wani lokaci har mako shida, kuma abin da ya fi rikita iyali shi ne cewa ƙananan illolinsu, kamar tashin zuciya da bushewar baki da kasala, su ne ke riga amfanin fitowa. Duk wanda ya taɓa ganin dashen masakwa a filayen Marwa ya san a makon farko ganyen a yanƙwane yake, amma ba mai hankalin da zai tumɓuke dashensa saboda haka, tunda aikin a ƙarƙashin ƙasa yake gudana. Bayan an samu sauƙi ma ba a tsayawa nan take. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 wa ma'aikatan asibiti ta ce a ci gaba da sha wata tara zuwa goma sha biyu bayan alamomin sun tafi, sannan a riƙa ragewa a hankali, domin yankewa farat ɗaya takan kawo jiri da saurin fushi da rashin barci, kuma ciwon yakan dawo. Idan kun koma, ka tabbatar likita ya san tana shayarwa, domin akwai magungunan da aka fi zaɓa wa mai shayarwa, ka kuma roƙi a auna jininta, saboda ƙarancin jini bayan haihuwa da matsalar ƙululun maƙogwaro, wanda in ya kumbura yake zama maƙoƙo, dukansu suna kawo kasala da mutuwar jiki irin wadda ka bayyana.

Yanzu sai maganar gwajin da aka ambata a saƙon. An yi shi da gaske, a jihar Gujarat ta ƙasar Indiya, aka buga sakamakonsa a 2014. Marasa lafiya 60 aka kasa gida uku: kashi ɗaya suka sha fuloksetin, kashi ɗaya suka sha kurkumin, wato sinadarin da ke ba kurkum launinsa na rawaya, miligiram 1,000 a kullum, kashi na uku kuma aka haɗa musu duka biyun, tsawon mako shida. Waɗanda suka samu sauƙi sun kai kusan kashi 65 cikin ɗari a rukunin farko, kusan 63 a na biyu, kusan 78 a na uku. Daga nan ne maganar "ƙarfinsu ɗaya" ta samo asali. Sai dai mutum ashirin a kowane rukuni sun yi kaɗan ƙwarai a gane bambanci tsakanin magunguna biyu, kuma ba a ware wani rukuni da aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Wannan rashi babba ne a ciwon damuwa, domin an daɗe da sanin cewa mutane da yawa sukan ji sauƙi don kawai ana duba su kowane mako, ana tambayar lafiyarsu, suna kuma sa ran warkewa. In ba a auna wannan ba, ba yadda za a yi a raba aikin kurkumin da aikin kulawa.

A shekarar 2014 ɗin dai, masu bincike a Jami'ar Murdoch ta Ostareliya sun yi gwajin da ya fi wannan tsari, da mutum 56 na mako takwas, inda rabi suka sha kurkumin, rabi suka sha ƙwayar da ba komai a cikinta. A mako huɗun farko duka ɓangarorin biyu sun samu sauƙi kusan daidai, sai daga baya masu shan kurkumin suka ɗan zarce. Wani gwajin kuma da aka yi a Isra'ila a 2013 da mutum 40, inda aka ƙara kurkumin a kan maganin asibiti, bai nuna wani bambancin a zo a gani ba. Da aka tattara gwaje-gwaje shida a 2017, duka-duka mutum 377 ne a cikinsu, sakamakon ya karkata ga cewa akwai ɗan amfani, kuma a 2022 wani kwamitin likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasa da ƙasa ya sa kurkumin cikin abubuwan da za a iya gwadawa bisa sharaɗi. Ba na raina wannan aiki, kuma zan yi farin ciki in manyan gwaje-gwaje suka tabbatar da shi. Amma gwaje-gwajen ƙanana ne, gajeru ne, wasunsu kamfanin da ke sayar da kafson ne ya tallafa musu, kuma ba a saba shigar da mai ciki ko mai shayarwa cikin irinsu ba, wato ba a kan mace irin maiɗakinka aka auna su ba. Mu mutanen arewacin Kamaru ma mun ga yadda bincike ɗaya yake juyewa. A 2013 aka sanar cewa an gano sinadarin tiramol a saiwar tafashiya ta yankin nan, labari ya zagaye duniya cewa itacen da kansa yake yin maganin. Shekara ɗaya bayan haka masu bincike daga Jamus suka nuna cewa tiramol ɗin kanti ne da ake ɗura wa shanun noma don su jure aiki, ya fita ta fitsarinsu da kashinsu ya shiga ƙasa, saiwar ta tsotse shi.

Akwai kuma abin da saƙon bai faɗa ba, wanda a ganina shi ne ya fi muhimmanci. Abin da aka gwada sinadari ne da aka tace a masana'anta aka ɗura a kafso, garin da ake aunawa a kasuwa kuwa kurkumin ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi biyu zuwa biyar cikin ɗari ba. Ƙaramin cokalin shayi na garin bai fi giram uku ba, don haka kafin mutum ya kai miligiram 1,000 sai ya shanye aƙalla cokali bakwai kowace rana. Ko ya iya haɗiye wannan, ɗan kaɗan ne ke ratsa hanji ya shiga jini, wanda ya shiga kuma hanta takan yi saurin sarrafa shi ta fitar. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa a haɗa da masoro: wani gwaji da aka yi a Indiya a 1998 ya nuna cewa sinadarin da ke cikin masoro ya ninka abin da ke shiga jini har sau ashirin, ta hanyar rage wa hanta da hanji saurin aikinsu. To amma sinadarin ba ya zaɓen abin da zai tsare, yana iya taɓa yadda jiki ke sarrafa wasu magungunan asibiti ma, shi ya sa ba na son a riƙa ɗirka wa mai shan magani haɗin da ya wuce na girki ba da sanin likita ba. Kofin madara mai ɗumi da ɗan kurkum da zuma da daddare ba laifi ba ne, in tana so, musamman in kai ne ka haɗa ka kai mata ka zauna har ta shanye.

Game da cewa na Allah ne, ba ya illa, ka tuna zaƙami ma na Allah ne, kuma kowa ya san abin da yake yi wa wanda ya sha. Yawan abu da yanayin jikin mai shansa su ne ke raba magani da guba.

Ita kuwa Hajiya mahaifiyarka, tsoronta na ƙauna ne, kada ka yi jayayya da ita a tsakar gida. Ka roƙe ta ta raka ku asibiti ta ji daga bakin likita, domin abin da uwa ta ji da kunnenta ya fi abin da ɗa ya kawo mata. Ciwon damuwa daban yake da taɓin hankalin da take tunani, maganinsa ba ya bugarwa, ba ya kuma sa kwaɗayin ƙari irin na tiramol. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mace ɗaya cikin goma na fama da shi a lokacin ciki ko bayan haihuwa, don haka da wuya a ce Hajiya ba ta taɓa ganin irinsa a danginta ba, ko da an kira shi da wani suna. Kada kuma kowa ya ce wa maiɗakinka rashin tawakkali ne. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan sa a dama talbina, kunun garin sha'ir, a ba masu makoki da marasa lafiya, ta ruwaito cewa yana sanyaya zuciyar marar lafiya, yana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. A lura, wani sashe aka ce, kuma matsayin abinci mai kyau ke nan a wannan ciwo. Malam Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, tun a zamaninsa ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi, kamar rashi ko asara, da wanda ke faɗo wa mutum ba tare da ya san dalili ba, ya ce na biyun tushensa a jiki yake, yana kuma buƙatar magani. Kalmar da maiɗakinka ta faɗa maka cikin dare, cewa ita ma ba ta san dalili ba, ita ce wannan. A yi addu'a, a yi sadaka, a sha magani, babu wanda ya hana wani.

Abin da ke hannunka ya fi kurkum hujja nesa ba kusa ba. A karkarar Rawalfindi ta Fakistan an yi gwaji da mata masu ciki 903 da ke fama da damuwa, aka buga shi a 2008. Ma'aikatan lafiya mata na ƙauye ne aka koya wa yadda za su riƙa zama da uwa, su saurare ta, su taimaka mata ta gyara tunanin da ke danne ta, su kuma jawo miji da uwar miji cikin lamarin. Wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin ɗari ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa haka, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 53 ne. Saboda haka ka tambaya a asibiti ko akwai ma'aikacin da ke zama da masu irin wannan lalura. A gida kuma ka samo wata ƙanwa ko gwaggo da take sakewa da ita ta zo ta zauna, ta ɗauke mata girki da hidimar manyan yaran, ta karɓi jaririyar wani ɓangare na dare don uwar ta sami barci na sa'o'i a jere, domin rashin barci, balle a zafin Garwa, yana ƙara rura wannan ciwo. Ka riƙa rufe shago da wuri ko da kwana biyu ne a mako, ku ci abinci kwano ɗaya, ku ɗan taka zuwa gidan wata 'yar'uwa da la'asar sakaliya. Kada ka ce mata ta daure, kada ka lissafa mata ni'imomin da take ciki, ta san su, kuma saninsu ne ke ƙara mata jin laifi.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙonka ka riƙe shi da kyau. In ka ji ta ce gara ta mutu, ko yaran za su fi jin daɗi in ba ta, ko ta fara jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ta ƙi jaririyar, ko ta kwana biyu ba ta runtsa ba tana magana ba kan gado, to a ranar za ku tafi babban asibiti, kuma kada a bar ta ita kaɗai ko ita da jaririyar. Ka kwashe maganin feshin auduga da na ɓera daga gidan, ƙwayoyinta ma su zauna a hannunka kana ba ta na kullum. Ka tambaye ta kai tsaye, cikin taushin murya, ko tunanin kashe kanta yana zuwa mata. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ce ke buɗe masa baki.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Kusiri

Malam, ina fama da yawan tunani da rashin barci, sai wani ya fara kawo mini kafson kurkum mai haɗe da masoro daga Injamena, kwalba ɗaya sefa dubu goma sha biyar. Bara da na je ba da jini an ce ina ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, amma ba na jin komai. In ci gaba da sha?

AMSA

A'a, Malam, ka dakata daga yau, ka kai kwalbar asibiti ka nuna, ka nemi a yi maka gwajin lafiyar hanta. A 2019 hukumomin Italiya sun samu mutum fiye da 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan kafso, a 2022 hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta fitar da gargaɗi, ta Ostareliya ma ta bi baya a 2023. A Amurka an buga rahoton mutum goma da abin ya shafa, ɗaya daga cikinsu ya rasu. Abin ba ya faruwa da yawa, amma an fi ganinsa a kafson da aka ƙara wa masoro ko aka sarrafa don ya fi shiga jini, irin naka ke nan. Iyakar da masana abinci suka amince da ita miligiram uku ce ga kowane kilo na nauyin mutum, wato miligiram 180 a rana ga mai kilo 60, alhali kafso ɗaya yakan ɗauki 500. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu na arewa mai nisa, kuma da yawan masu shi ba su san suna da shi ba, don haka wannan gargaɗi ya fi shafarmu a kan Turawan da suka fitar da shi. In ka ga idonka ya yi rawaya irin na shawara, ko fitsari ya yi duhu, ko jiki na ƙaiƙayi, kada ka kwana. Haka nan mai tsakuwa a matsarmama, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da mai shan maganin kansa, da mai ciki, duk su nisanci kafson. Kuɗin kwalba ɗaya ka kai su wurin ganin likita a kan tunanin da rashin barcin, tunda su ne asalin abin da ya dame ka, kuma in sun wuce mako biyu suna hana ka aikinka sun cancanci a duba su.

TAMBAYA, daga wata uwargida a Ngaundare

Malam, garin kurkum iri biyu nake gani a wurin masu kayan yaji, wani launinsa ya yi shar, wani ya ɗan dushe. Wanne ya fi kyau?

AMSA

Hajiya, hasken launi ba shaidar inganci ba ne. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Stanford da abokan aikinsu a Bangaladash sun gano cewa a gundumomi bakwai cikin tara da suka fi noman kurkum a ƙasar ana goga wa saiwar wani fenti rawaya mai ɗauke da dalma don ta yi kyau a idon mai saye. Gubar dalma ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko kaɗan ce kuma takan daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma ido ko harshe ba sa gane ta a cikin gari. Bangaladash ta yi maganin abin cikin shekara biyu ta hanyar gwaji a kasuwanni da hukunta masu yi, amma garin da ake aunawa a tire ba ya zuwa da takardar inda ya fito. In kin samu ɗanyar saiwa ita ce ta fi, ki wanke, ki yayyanka, ki shanya a inuwa, ki daka da kanki. In busasshiya ce, ki zaɓi wadda bayanta ya dushe yana da ɓawonsa, ki karya ɗaya ki ga cikin ya yi ruwan lemo mai duhu yana ƙamshi, ki kuma bar wadda ke zubar da hoda rawaya a tafin hannu tun ba a daka ta ba.